Martani: Halin Manaja Ba Ya Tsayawa a Ƙofar Ofis

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci, wanda na daɗe ina karanta rubutunsa ina ƙaruwa, ya fitar da maƙala a kan shugabancin ma'aikatu da kamfanoni. Gundarin maganarsa shi ne mun cika damun kanmu da halin mutum idan za a ba shi riƙon wurin aiki. A ganinsa, abin da manaja ya yarda da shi a zuciyarsa da yadda yake tafiyar da rayuwarsa nasa ne shi kaɗai, ofis kuwa doka da tsari da ƙwarewa ke juya shi. In dai an tsara ƙa'idoji masu kyau, an zuba masu binciken kuɗi, an ɗaure kowa da sa hannu, to ko wa aka ɗora a kan kujera aiki zai tafi. Ya ce mun sha ganin masu kamala a ido sun ci amana. Ya ce shigo da halin gida cikin ofis shi ke haifar da son kai da fifita dangi. Ya rufe da cewa kasuwanci fage ne na gasa mai dokokinsa na daban, wanda duk ya shige shi da tausayi da kunya zai fita hannu rabbana.

Na karanta, na kuma auna, amma ban gamsu ba. Ina ganin wannan ra'ayi, duk da kyan niyyar mai shi, yana ba maciya amana mafakar da suka daɗe suna nema, domin yana cewa mutum zai iya zama biyu: ɗaya a gida da wurin ibada, wani dabam a bayan tebur.

Bari in fara da inda muka haɗu. Gaskiya ne dogon carbi, ko yawan zuwa umara, ko zama a sahun gaba a coci, ba takardar shaidar riƙon amana ba ce. Mun ga waɗanda suka gina wuraren ibada da kuɗin 'yan fansho. Amma abin da wannan ya nuna shi ne mun yi gaggawar hukunci da kama, muka bar binciken hali. Wanda aka sayar wa jabun magani ba ya cewa magani ba shi da amfani, sai dai ya koyi yadda ake gane na ƙwarai. Malam marubucin ya ga an yaudare mu da kama, sai ya yanke cewa a jingine maganar hali gaba ɗaya. A nan hanyarmu ta rabu.

Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce doka ta wadatar. Tambayata ita ce, a hannun wa dokar take? Takarda ba ta buɗe fayil. Ba ta kiran ma'aji ta tambaye shi inda kuɗi suka shiga. Ba ta ƙin sa hannu a kan aikin da ba a yi ba. Mutum ne ke yin duk wannan, kuma mutumin da ya fi kowa ikon ɗaga dokar ko danne ta shi ne wanda ke saman.

Kamfanin makamashi na Enron, wanda a da yake birnin Houston a Amurka, yana da kundin ɗa'ar aiki wanda bugunsa na shekarar 2000 ya kai shafi 64, da gabatarwar shugaban kamfanin, Kenneth Lay. A cikin ƙa'idojin kamfanin akwai wadda ta hana jami'i yin harkar da amfanin kansa zai ci karo da na kamfani. To a 1999 hukumar daraktocin kamfanin da kanta ta ɗage wannan sharaɗi domin babban jami'in kuɗinsu, Andrew Fastow, ya tafiyar da wasu kamfanoni na gefe masu hulɗa da Enron ɗin. Ya samu sama da dala miliyan 30 ta wannan hanya, aka kuma yi amfani da irin waɗannan kamfanoni wajen ɓoye bashi da ƙawata lissafi. A watan Disamba na 2001 kamfanin ya durƙushe, dubban ma'aikata suka rasa aikinsu da ajiyar tsufansu. Doka tana nan a rubuce, masu binciken kuɗi na waje suna nan, daraktoci suna zama. Mai dokar barci ne ya ɓige da gyangyaɗi.

Ba sai mun je Amurka ba. A 2006 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kundin ƙa'idojin shugabancin bankuna bayan haɗe su da aka yi. Shekara uku kacal bayan haka, ranar 14 ga Agusta 2009, gwamnan bankin na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya tsige shugabannin bankuna biyar: Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union Bank. Sai da aka zuba musu naira biliyan 420 don kada kuɗin masu ajiya ya salwanta. A watan Oktoba na 2010 tsohuwar shugabar bankin Oceanic, Cecilia Ibru, ta amsa laifi a gaban kotu, aka yanke mata ɗaurin wata shida, ta kuma sallama dukiyar da aka ƙiyasta ta haura naira biliyan 190. Kowane daga cikin bankunan nan yana da kwamitin duba rance da sashen bincike na cikin gida. Amma idan mai kujerar sama ya ce a ba wane rance, ƙaramin ma'aikacin da ke da mata da 'ya'ya da kuɗin haya a wuyansa ba zai tashi ya karanto masa sakin layi na kaza ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin Malam bai tsaya ya duba ba, wato yadda ma'aikata ke koyon dokar wurin aikinsu. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani ya san littafin ƙa'ida yana cikin durowa, ainihin dokar kuwa a jikin oga ake karanta ta. Ranar da sabon manaja ya kama aiki, kowa ya zuba ido. Direba zai kawo rasidin mai da aka ɗan ƙara wa adadi, ya tsaya ya ga ko Yallaɓai zai duba ko zai sa hannu kawai. Mai sito zai faɗa masa cikin ladabi cewa akwai ragowar buhunan siminti da ba su shiga lissafi ba, ko a kai gida? Ana saura kwana uku Babbar Salla, ɗan kwangilar da takardar biyansa ke kan tebur zai aiko da rago, ɗan aiken ya ce, "Alhaji ya ce a gai da yara." Masinja ya gani, mai gadi ya gani, akawu ya ji labari kafin azahar. Idan ragon ya kwana a gidan, an gama rubuta dokar wannan ofis, kuma daga ranar mai gadi ma zai fara neman na goro a bakin ƙofa. Idan ragon ya koma inda ya fito, da godiya da ba da haƙuri, ita ma doka ce aka kafa, ba tare da an kira taro ko an manna sanarwa ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kuma ba sata kaɗai ake koya daga shugaba ba. Ana koyon abin da ya ɗauka da muhimmanci da abin da bai dame shi ba. Bankin Wells Fargo na Amurka ya ɗora wa ma'aikatansa burin sai kowane gida da ke hulɗa da bankin ya mallaki hajoji takwas na bankin, daga asusu zuwa katin bashi. Manajojin rassa suka riƙa matsa wa na ƙasa kullum, wanda bai cika adadi ba aikinsa na rawa. Ma'aikata suka fahimci cewa lamba ake so, ba a damu da yadda aka same ta ba, sai suka shiga buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba. A watan Satumba na 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka bayyana cewa an kori ma'aikata kimanin 5,300 a kan wannan aiki, daga baya kuma adadin asusun da ake zargi ya kai miliyan uku da rabi. Shugaban bankin, John Stumpf, ya ajiye aiki a watan Oktoba na shekarar. Bankin yana da layin kai ƙorafi a kan rashin ɗa'a, kuma wasu daga cikin waɗanda suka yi amfani da shi sun ce sallama ce ta biyo baya. Mutum dubu biyar ba sa lalacewa rana ɗaya don kansu. Zuciyar da ta fifita riba a kan haƙƙin mai ajiya tana sama, ita ce ta gangaro.

Yanzu a juya a dubi ɗaya fuskar. An kafa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Nijeriya, NAFDAC, tun 1993. Shekara takwas tana nan da dokarta da ofisoshinta da ma'aikatanta, jabun magani kuma na cika kasuwanni. A 2001 aka naɗa Dora Akunyili ta shugabance ta. Kafin nan, lokacin da take aiki da hukumar asusun rarar man fetur ta PTF, an ba ta kuɗin zuwa Ingila a yi mata tiyata, likitoci suka ce ba ta buƙata, ta dawo da fam 12,000 ta mayar wa hukuma. Ba wanda zai tuhume ta da ta riƙe. Akwai kuma ciwon da ke ranta, domin 'yar'uwarta mai ciwon sukari ta rasu a 1988 sanadin jabun allurar insulin. Da ta hau kujera aka shiga kama jabun magunguna ana ƙonawa a bainar jama'a, aka rufe kasuwannin magani har da babbar kasuwar magani ta Onica a 2007. A watan Disamba na 2003 'yan bindiga sun buɗe wa motarta wuta a jihar Anambra, harsashi ya huda ɗankwalinta, amma ba ta bar aikin ba sai 2008 da aka ba ta minista. Ina tambayar Malam, wane sakin layi na doka ne ya tilasta mata tsayawa bayan an harbe ta? Hukumar ba ta canza suna ba, abin da ya canza shi ne wadda ke riƙe da ita. Fam 12,000 ɗin nan da ta mayar lokacin da ba mai kallo, shi ne ainihin takardar cancantarta.

Sai hujjarsa ta biyu, wadda ita ma nake ba nauyi domin ta taɓa mu a inda ke mana ciwo. Ya ce halin gida ne ke kawo fifita dangi. Akwai gaskiya a ciki. Mu mutane ne masu zumunci da kara, kuma waɗannan kyawawan ɗabi'u ne. Amma duk wanda Allah ya ɗaga a cikin dangi ya san nauyin da ke biyo baya. Baffa zai zo har ofis da takardun ɗansa a cikin leda, ya zauna, a gaisa, ya ce, "Ga ƙaninka nan, ya gama hidimar ƙasa shekara biyu yana zaune." Ga gurbi ɗaya, ga yara arba'in sun rubuta jarrabawa, ɗan baffa ya zo na talatin. Idan ka ƙi, kafin ka isa gida an kai ƙararka wurin Hajiya, an ce ka samu wuri ka manta asali. Wannan jarrabawa ce ta gaske, kuma ta kayar da mutanen kirki da yawa.

Amma mene ne maganinta? Malam ya ce a bar hali a gida a bi doka. To ai wanda ba shi da abin da ke tsawata masa a zuci shi ya fi kowa iya lanƙwasa dokar: a sake duba maki, a ce na farko bai kawo wata takarda ba, a ɓullo da sharaɗin da ɗan baffa kaɗai ya cika. Duk a rubuce, duk da sa hannu. Wanda zai iya kallon baffansa cikin ladabi ya ce, "Baffa, wannan kujera ba tawa ba ce, amanar mutane ce, amma zan biya masa kuɗin koyon sana'a daga albashina," shi ne mutumin da ya san darajar ɗabi'unsa ya kuma san wadda ke gaba da wata. Ya yi zumunci da abin da ya mallaka, ya yi adalci da abin da aka ba shi ajiya. Fifita dangi alama ce ta raunin hali, domin yaron da ya zo na ɗaya shi ma ɗan wani ne, kuma uwarsa ita ma tana jiran albishir.

Wannan rarrabewa tsohuwa ce a wurinmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka ba shi. Annabi ya hau mumbari ya yi tsawa, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta zo masa. Ma'aunin a bayyane yake: duk abin da kujera ta jawo maka na kujera ne. Shi ma tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawalinsa na biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati karɓar wani abu saboda aikin da ya yi ko ya ƙi yi, amma ya bar masa ƙofar karɓar kyautar dangi da abokai gwargwadon al'ada. To wa zai tantance ko ɗan kwangilar nan aboki ne ko mai neman biyan buƙata? Hukumar ɗa'ar ma'aikata ba ta kwana a gidan kowa. Dokar da kanta ta miƙa hukunci na ƙarshe ga zuciyar mai riƙe da muƙami.

Malam ya kuma ji tsoron cewa manaja mai riƙo da aƙidarsa zai ɗora ta a kan na ƙasa da shi, alhali wurin aiki ya tara Musulmi da Kirista da ƙabilu iri-iri. Tsoron yana kan hanya, kuma manajan da ke auna ma'aikaci da masallacin da yake zuwa ko harshen da yake yi a gida azzalumi ne. Sai dai ɗabi'un da nake magana a kai ba su raba kowa da kowa. Faɗin gaskiya, biyan albashi a kan lokaci, ƙin wulaƙanta na ƙasa a gaban jama'a, ɗaukar laifi idan naka ne, ƙin taɓa abin da ba naka ba, kame kai daga matan da ke aiki a ƙarƙashinka, ba addinin da ya yi jayayya a kansu. Dora Akunyili 'yar ɗarikar Katolika ce daga ƙasar Ibo, amma yaron da aka tsare daga jabun maganin zazzaɓi a Kano ko Maiduguri ya amfana da tsoron Allahnta kamar yadda na Enugu ya amfana. Hasali ma shugaba mai adalci a zuciya shi ne garkuwar ma'aikacin da ba shi da kowa a wurin.

Game da cewa kasuwanci fage ne mai dokokinsa na daban, wannan ra'ayi ba sabo ba ne. A 1968 wani marubuci ɗan Amurka, Albert Carr, ya fitar da maƙala a mujallar Harvard Business Review yana kamanta kasuwanci da cacar karta, inda ruɗin abokin wasa ba laifi ba ne matuƙar ba a karya doka ba. Amma a teburin karta kowa ya zauna ne da saninsa. Mai ajiya a banki, da majinyacin da ya sayi magani, da leburan da ke jiran kuɗin wata, ba su zauna caca da kowa ba, amincewa suka yi. Kuma tarihin fataucinmu ya ƙaryata cewa mai gaskiya ba ya riba. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda fataken shanu daga Arewa ke sauka a wurin maigida, shi kuma ta hannun dillalansa ya sayar wa mahauta shanun bashi, ya tsaya a matsayin lamuni. Dukiya mai yawa tana yawo a kan kalmar mutum ɗaya. Maigidan da ya ci amanar baƙo sau ɗaya, labari zai riga shi isa Arewa, fatake su koma gidan wani. Jarinsa shi ne sunansa, kuma dillalansa da yaransa a kan halinsa suke tafiya. Kamfani na zamani ya fi wannan girma da yawan takardu, amma har gobe abin da yake sayarwa kafin kowace haja shi ne amincewa.

Kada a fahimce ni da cewa ina raina tsari. Mutumin kirki ma yana buƙatar mai duba shi, domin zuciya tana da rauni, kuma wurin aikin da ya dogara da nagartar mutum ɗaya zai koma gidan jiya ranar da ya tafi. Shi ya sa manaja nagari da kansa yake gayyato masu bincike, ya raba ikon sa hannu, ya kare mai kawo ƙorafi, ya tarbiyyantar da wanda zai gaje shi. Tsari mai kyau ɗan halin kirki ne, wani ne ya ji ciwon ɓarna ya zauna ya tsara shi, wani kuma zai raya shi ko ya kashe shi.

Don haka kirana ga masu naɗa shugabanni, daga hukumar daraktocin kamfani zuwa kwamitin makarantar unguwa, shi ne su ƙara a kan duba takardun karatu. A tambayi waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashin mutum, domin na sama fuskarsa mai kyau kawai suka sani. A bincika yadda ya rabu da wurin da ya baro, da yadda yake biyan bashi, da ko ya taɓa ƙin wani abu da zai amfane shi saboda ba daidai ba ne. Ga kai kuma da ke kan kujerar yau, ka sani na ƙasa da kai suna kallonka fiye da yadda suke sauraronka, kuma abin da ka halatta wa kanka ka halatta wa kowa.

Ina roƙon ɗan'uwana marubuci ya sake duba matsayinsa, domin matasa masu shirin riƙe ma'aikatunmu suna karanta shi. Kada mu koya musu cewa akwai gaskiyar gida da gaskiyar ofis. Mutum ɗaya ne ke fita da safe ya dawo da yamma, kuma shi ɗin ne za a tambaya a kan abin da aka ba shi kiwo. Allah ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, ya kuma ba mu ikon zama irinsu a duk inda aka ɗora mu.